Guba ce, mu daina ce mata magani

Edita, assalamu alaikum. Ya aiki, ya haƙuri da mu masu dogon rubutu. Dan Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarka, maganar gubar feshi da muke ce ma magani ta daɗe tana ci mani tuwo a ƙwarya kuma na gaji da faɗinta a majalisa ana dariya ana cewa malam ka cika tsoro.

Ni malamin sakandare ne a nan Katsina, kemistiri nake koyarwa, ina kuma ɗan taɓa noman rani a wajen Ajiwa don albashi kaɗai bai riƙe gida yanzu, kowa ya sani. Ranin da ya wuce ɗan ƙanena, yaro ɗan shekara 17, ya je yi ma tumatir feshi saboda tsutsar nan da manoma ke ce ma sharon, wadda ta tashi kan mutane tun 2016. Da hannu ya dama ruwan cikin bokiti. Bakin abin feshin ya toshe, ya cire ya sa baki ya hura, tankin da ya goya kuma yana yoyo tun bara ba a gyara ba, rigarshi ta jiƙe sharkaf tun daga kafaɗa har ƙugu, ga rana ta take ga iska na maido mashi feshin a fuska, kuma da ya gama bai yi wanka ba sai ya zauna ya sha fura. Kafin la'asar ya fara cewa kanshi na sara, sai jiri, sai amai, sai yawu ya riƙa dalala kamar na jinjiri, zufa na keto mashi, naman cinyarshi na rawa shi kaɗai. Da aka kira ni na iske an taru kanshi, wata gwaggonmu ta kawo madara, wata ta ɗebo manja, wani dattijo kuma na cewa gamo ya yi a fadama a nemo hayaƙi. Na buɗa idonshi na haska fitilar waya. Ɗan baƙin nan na tsakiyar ido ya tsuke ya koma kamar kan allura. Nan take gabana ya faɗi, don na san abin da hakan ke nufi.

A asibiti tambayar farko da likita ya yi mana ita ce me ya fesa. Muka miƙa mashi robar. Edita, robar lemo ce, ba suna ba takarda ba komai, wani ruwa ne kawai ruwan ƙasa-ƙasa mai hawa kai wanda mai shago ya tsiyayo daga galan. Likitan ya juya ta ya juya ta ya ce tau wannan me zan karanta a jikinta? Allah Ya sa alamun sun fito fili, ya yi ta yi mashi allurar atrofin har ƙirjin ya daina kakari, kwana 4 muka yi aka sallame mu. Alhamdu lillahi yaro ya tashi.

Tun daga ranar nake ta tunanin kalma ɗaya, wato magani. Farasitamol magani, tazargade magani, sannan abin da ya kusa kashe yaron nan shi ma magani muke ce mashi, maganin ƙwari, maganin sauro, maganin ciyawa, maganin ɓera. Yaro ya tashi yana jin magani abu ne mai warkarwa, ta ina zai ji tsoron dama shi da hannu? Sunan ne ya fara yaudararmu tun kafin mai shago.

Bari in ɗan koma baya, don ni a aji haka nake yi ma ɗalibai su gane. A ƙarshen 1936 wani masanin sinadarai na Jamus mai suna Gerhard Schrader, yana aiki da kamfanin IG Farben, yana neman sabon abin kashe ƙwarin gona. Cikin gwaje-gwajenshi ya haɗa wani ruwa da ya kashe ƙwarin kakaf, amma da ɗan ɗigo ya zuba a teburin aiki sai shi da mataimakinshi suka ji numfashi na gagara, ido ya dushe, baƙin idonsu ya tsuke, daidai irin abin da na gani a idon ɗan ƙanena. Wannan ruwan shi ne tabun. Sojojin Hitila suka ji labari suka karɓe abin ya zama sirrin yaƙi, a 1938 kuma shi Schrader da abokan aikinshi suka fito da sarin, wanda ya fi na farko muni. Sarin ɗin nan yana cikin abin da aka zuba ma Kurdawa a Halabja ta Iraƙi a watan Maris na 1988 inda wajen mutum 5,000 suka mutu, shi wata ƙungiya ta saki a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo a 1995, shi aka harba a Ghouta ta Siriya a 2013. A Ingila ma haka ta faru, masu neman maganin ƙwari a kamfanin ICI suka haɗa wani a farkon shekarun 1950, har an sa shi kasuwa sai aka ga ya fi ƙarfin gona aka janye, daga danginshi ne aka samu gubar yaƙi ta VX.

Su waɗannan duka gida ɗaya suke da fiya-fiya da muke yayyafawa ƙarƙashin gado. Ana ce ma zuri'ar oganofosfet. Kada wani ya ce malam ya ce fiya-fiya sarin ce, a'a, ƙarfinsu ba ɗaya ba ko kusa, amma ƙofa ɗaya suke bi su shiga jiki. Duk lokacin da jijiya ta aika ma tsoka saƙo cewa ta motsa, akwai wani sinadari a jiki da aikinshi shi ne ya share saƙon nan da nan don tsokar ta huta. Gubar sai ta kama mai sharar ta ɗaure shi. Saƙo ya yi ta tafiya ba tsayawa kamar ƙararrawar da ta maƙale, shi ya sa yawu da hawaye da zufa da zawo ke ɓallewa lokaci guda, huhu ya cika da ruwa, a ƙarshe tsokar da ke jan numfashi ta gaji ta tsaya. Haka take kashe kyankyaso, haka take kashe mutum, bambancin yawa ne kawai da girman jiki. Shi ya sa jinjiri ke riga babba faɗuwa.

Bayan makaman guba akwai kuma ɓangaren makaman ƙwayoyin cuta, wanda ba sinadari ba ne, cuta ce mai rai ake kiwatawa a sake ma mutane. A nan ma abin da ya fi tsaya mani a rai suna ne. Lokacin da Japan ta mamaye yankin Manchuriya na Sin, sojojinta sun gina wani katafaren wuri a Pingfang kusa da birnin Harbin ƙarƙashin wani likitan soja Shiro Ishii. Yau duniya ta san wurin da Runduna ta 731. Amma ka san sunan da ke rubuce a takarda? Sashen rigakafin annoba da tsabtace ruwan sha. Wallahi haka. Mutanen gari kuma aka ce masu masana'antar katako ce, shi ya sa ma'aikatan wurin ke kiran fursunonin da suke gwaji a kansu maruta, wato gungumen icce. Yau an kawo gungume nawa, yau gungume nawa suka ƙare. Mafi yawansu 'yan Sin ne, akwai Rashawa da Koriyawa, har mata da yara. Ana yi masu allurar annobar ɓera da kwalara da taifot da cutar saifa a zauna ana kallo ana rubutawa, wasu a farka cikinsu da ransu ba a kashe masu zafi ba don a ga inda cutar ta kai, wasu a fitar da su cikin tsananin sanyi har hannu ya daskare, wasu a ɗaure su jikin turaku a fili a tada bam mai ɗauke da cuta kusa da su. Aƙalla mutum 3,000 suka mutu cikin ginin nan kuma ba a san wanda ya shiga a matsayin gungume ya fito da rai ba.

Ba su tsaya cikin katanga ba. Sun kiwata ƙuma a jikin ɓeraye masu annoba, a watan Oktoba na 1940 jirgi ya zubo ta haɗe da hatsi a kan birnin Ningbo, a Nuwamba na 1941 aka sake yi a Changde. Ka duba dabarar, hatsi ya jawo ɓera, ƙuma ta hau ɓera, ɓera ya shiga gida. Mutane suka yi ta mutuwa suna zaton ciwo ne kawai ya shigo gari. Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945 suka rushe wurin suka gudu. Tarayyar Sobiyet ta gurfanar da mutum 12 a Khabarovsk a 1949, amma Amurka ta yi ciniki da Ishii da manyan yaranshi, ku ba mu sakamakon gwajin mu kuma mu kyale ku, ya rayu abinshi har 1959 ba wanda ya kai shi gaban alƙali. Sai a 2002 wata kotu a Tokiyo ta yarda cewa lalle an yi wannan aika-aika, amma ta ce babu diyya.

Turawan Ingila su ma sun taɓa. A 1942 sun kai tumaki wani ɗan tsibiri a Sikotilan mai suna Gruinard suka fasa bam ɗin cutar saifa, wadda makiyayanmu suka sani sarai, tumakin suka mutu cikin kwanaki. Yaƙi ya ƙare amma ƙwayar cutar ta ƙi barin ƙasa. Sai a 1986 aka yi ma tsibirin wanka da tan 280 na sinadarin fomalin haɗe da ruwan teku, a 1990 aka ce an iya taka shi. Shekara 48 kenan saboda wannan gwajin. Daga baya duniya ta rattaba hannu kan haramta makaman cuta a 1972, na guba kuma a 1993.

Na san wani zai ce tau malam mu ina ruwanmu da Harbin, kuma ai manomi ba mugu ba ne. Gaskiya ne, ni ma manomin ne, ban haɗa ɗan uwana mai neman abin sa wa a baki da waɗancan azzalumai ba, su da gangan suka yi. Abin da nake nunawa shi ne mutanen Ningbo ba su san me ya faɗo masu ba, matar da ta sayi tiyar wake a kasuwa ta dafa ma ɗiyanta ita ma ba ta san me aka zuba mashi ba, kuma a wuraren biyu an lulluɓe abin da suna mai daɗi. Can an ce tsabtace ruwa, nan mun ce magani.

Maganar wake ma ai ba ɓoyayya ba ce. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda sinadarin daikulobos da aka yi ta samu a ciki, wato dai abin da ke cikin fiya-fiya da Sniper. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kilo, namu an samu wanda ya kai 4.6, ka lissafa da kanka, ninki 460. Su sun rufe ƙofarsu sun huta, waken da suka ƙi fa ina ya tafi? Cikin ƙosai da alala da wake da shinkafar da muke ci. A 2018 kowa ya ga bidiyon nan na 'yan kasuwa na yayyafa Sniper kan wake, aka yi ta surutu sati biyu aka manta. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana saida ƙananan kwalabenshi a kasuwanni da kantuna, musamman ganin yadda matasa ke sha don su kashe kansu, mataki ne mai kyau, sai dai masu ɗurawa a tsofaffin kwalaben allura da robar lemo su ba su da rajista balle a soke masu.

Sai ƙwayar nan da ake ce ma bom, wadda ake jefawa cikin buhun hatsi. Ita da ta sha danshin iska sai ta riƙa fitar da wata iska mai suna fosfin, warinta kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, kuma ba ta da makari, likita sai dai ya tallafi mutum ya bar ma Allah sauran. An yi ta ne don sito mai rufi wanda ba kowa ciki, mu kuma saboda tsoron ɓarayi, ga halin da ƙauyukanmu ke ciki, sai a sa bom a buhu a jingine buhun a ɗakin da ake kwana a rufe ƙofa da taga saboda sanyi. Maganin ciyawa na farakwat kuma, mai ƙone ganye cikin yini, kurɓa ɗaya na iya kashe babban mutum, a hankali yake cinye huhu cikin kwanaki ko makonni kuma shi ma ba makari, Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, bincike da dama kuma ya alaƙanta shi da ciwon karkarwa na Fakinsin. Gamalin da ake zuba ma kududdufi kifi ya taso ya shiga jerin waɗanda Yarjejeniyar Stockholm ta haramta tun 2009, don irinshi da gubar ƙwari ta DDT ba su ruɓewa da wuri, suna zama a ƙasa da kitsen jiki har cikin nonon uwa, kamar dai tsibirin can da ya riƙe cuta shekara da shekaru.

Wani bincike da aka wallafa a 2020, duk da mujallar ta janye shi daga baya, ya ƙiyasta cewa duk shekara ana samun mutum wajen miliyan 385 a duniya da gubar feshi ke bugewa ba da niyya ba, kusan 11,000 su mutu. Na yi imani irin ɗan ƙanena da yawa ba su ma shiga lissafi, don in an kai mutum da amai da zawo sai a ce kwalara ce ko abinci ya ɓata mashi ciki, in ya rasu a ce kwana ya ƙare. Kwana kam na Allah ne, amma Annabi (SAW) ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Bayan an sallame mu na ɗauki robar na koma wajen mai shagon, ba da faɗa ba. Na ce Alhaji wannan me ye sunanshi? Ya ce malam ai na tsutsa ne, mai ƙarfin. Ya jawo galan ɗin daga ƙarƙashin benci, rubutun jiki duk Turanci da Faransanci, ƙanana kamar ƙafar tururuwa, shi kanshi bai taɓa karantawa ba. Na nuna mashi zanen launin da ke gindin takardar na ce ja na nufin mai tsananin haɗari, rawaya na bi mashi, sai shuɗi, sai kore, ya ce wallahi shekara da shekaru yana wannan sana'a ya ɗauka ado ne. Na nuna mashi inda aka rubuta kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a tsinki amfani, ya yi dariya ya ce wa zai jira motar Legas na tsaye? Sannan ya faɗi wata magana da ta rufe mani baki, ya ce malam in na ƙi tsiyayawa wa ke da kuɗin lita guda, na murfi biyu suke saye. Kuma gaskiyarshi. Talauci ne ya raba ruwan da takardarshi.

Shi ya sa ni roƙona ba wai a hana feshi ba ne, wanda ya ga abin da sharon ke yi ma tumatir ko tsutsar masara ke yi ma gona ba zai faɗi haka ba. Roƙona ga NAFDAC da ma'aikatar gona da hukumar bunƙasa noma ta jiharmu KTARDA shi ne a tilasta ma masu shigo da kayan nan su yi ƙananan ƙunshi masu takarda, a rubuta gargaɗin da Hausa, boko da ajami, da babban rubutu, kuma kalmar da za a sa a sama ita ce GUBA. Gidajen rediyonmu da ke tallar kayan feshi su riƙa haɗawa da yadda ake kare kai. Limamai su sa baki ranar Juma'a, don mai zuba fiya-fiya a wake ya kai kasuwa yana sane algus ya yi, kuma ba a rasa mafita ba, buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwarin wake ta hanyar toshe masu iska ba tare da ɗigon komai ba, ni da shi nake ajiya shekara 3 kenan, jarka mai murfi da aka cika taf ita ma tana yi. Jarkar mai ko ta ruwa nake nufi, ba galan ɗin feshi da aka ɗauraye ba, wanda na sha gani an mai da shi na kunu da nono.

Ga iyayenmu mata kuma, dan Allah in irin haka ta faru a bar madara da manja, ba su karya guba, mai ma yana iya taimaka mata ta ratsa jiki, kuma ɗura ma wanda bai cikin hayyacinshi abu yana iya wucewa huhu. Kada a sa shi amai da gangan. A tuɓe mashi kayan, a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, mai wankin ya sa leda a hannu, a kwantar da shi ta gefe, a nufi asibiti da robar a hannu ko da ba ta da suna. Gwaggon tawa har yau fushi take da ni na hana ta ba yaro manja, tana cewa ɗan boko ya raina na gargajiya.

Edita, in da hali ka turo ɗan rahotonka ya zagaya kasuwar Charanchi ko Mai'adua ko nan cikin gari ya ƙirga rumfa nawa ke tsiyaya cikin robar da ba suna, ya tambayi masu saye ko sun san abin da suka riƙe. In ya zo zan raka shi da mashin ɗina har fadama ya ga yadda ake feshi da singileti da silifas. Robar ma tana nan na ɗaure ta cikin leda na kulle a kabad ɗin ɗakin gwaji na makaranta, da saura kaɗan a gindinta.

Wassalam.

Naka mai karatu,
wani malamin makaranta daga Katsina